'Yar Kwatano: mai sheƙi ko mai araha?

Motocin da suka sa sunan Kwatano ya zauna a bakin direbobi daga Doso har Maiduguri ba a unguwar Zango ake jibge su ba. Filayensu suna can gabas da gari, a Sekanji da Ekpe, kan hanyar Porto-Novo da iyakar Seme. Amma baƙon da ya gangaro daga arewa da kuɗin mota a ƙugu, Zango yake fara yada zango. Nan zai sami masauki da mai jin harshensa, nan za a nuna masa inda zai canza kuɗi, kuma a bakin babban masallacin unguwar, bayan la'asar, za a haɗa shi da dillalin da zai raka shi fili da safe. Kafin ya kwanta sai ya ji gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun unguwar: ya daure ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai shekara 3 ko 4 da take ƙamshin sabunta, ko ya ɗauki mai shekara 15 ya koma gida da canji?

Kowane ɓangare da abin faɗinsa. Waɗannan su ce sayen nagari mai da kuɗi gida, araha kuwa ba ta ado. Waɗancan su ce in dai za ta kai ka ta dawo da kai, me ya yi saura? Ni a ganina akwai tambayar da ta fi ta shekaru nauyi a wannan kasuwa, kuma ba kasafai ake yin ta ba: me ya raba motar nan da ƙasar da aka fara hawanta?

Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 tsofaffin motocin Turai suke kwararowa tashar jiragen ruwan Kwatano, da yawa daga Antwap ta Beljiyam, bayan an tattara su a unguwar Heyvaert ta birnin Burasals. 'Yan kasuwar Labanan suka riƙe babban kason shigowa da su, mutanen arewa da Yarabawa suka riƙe saye da kaiwa gaba. A 2014 motocin da aka sauke sun haura 300,000, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba. Kowa ya san Najeriya akasarinsu suka nufa, wasu ta Seme, wasu da takardar wucewa Nijar, su bi Paraku da Kandi, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, daga can su sulale ta Ƙonni ko Maraɗi. Sai abubuwa suka yi ta faɗo wa kasuwar. Naira ta karye a 2016. Daga 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa, ta kuma rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, gadar Gaya ita ma ta rufu. Mai saye na yau ya tarar da kasuwar da ta sha wuya, kuma ɗan kasuwar da kayansa suka kwana ya fi kowa iya zaƙin baki.

Tsohuwar mota dalilin fitowarta a fili yake: ta tsufa. Mai ita a Jamus ko Holan ya ga gyaran da za ta ci kafin ta haye binciken lafiyar mota ya fi darajarta, ko kuma birnin da yake zaune ya hana masu irin hayaƙinta shiga tsakiyar gari, sai ya rabu da ita. Hukumar sa ido kan muhalli da sufuri ta Holan ta binciki motocin da ake fitarwa Afirka daga ƙasar, ta fitar da sakamako a 2020: akasarinsu tsakanin shekara 16 da 20 suke, kuma mafi yawa ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki a lokacin da aka loda su. Wasu ma an yanke musu tukunyar tace hayaƙi ta jikin salansa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Lambar da ke kan agogon kilomita kuwa, kada ka yi rantsuwa a kanta. Majalisar Tarayyar Turai da kanta ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na tsofaffin motocin da ake sayarwa daga wata ƙasar Turai zuwa wata an taɓa musu agogo. In haka ake yi tsakanin maƙwabta, ina ga wadda ta haye teku? Robar fedar birki da ta sitiyari da kujerar direba sun fi agogo faɗin gaskiya.

Duk da haka, aibin tsohuwa aibi ne da ido ke gani. Shakazoba ta mutu, robobi sun bushe, lagireto na yoyo, gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara ya ci ƙarƙashinta. Bakanike zai lissafa maka su a tsaye, ya faɗi kuɗin kowanne. In Corolla ce ko Avensis ta tsakiyar shekarun 2000, ko 406, kayan gyaranta suna nan a kowace babbar kasuwa, kuma yaron gareji a Ƙonni zai kwance injinta ya ɗaure a gindin bishiya. Sai dai kada mutum ya ruɗi kansa cewa kuɗin da ya biya a fili su ne farashinta. Ragowar zai biya su sannu a hankali kamar zubin adashi, illa dai bakanike ne kullum mai kwasa. Ga kuma mai. Tun da Najeriya ta cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo, wanda Kwatano ta daɗe tana rayuwa a kansa, ya daina arahar da aka san shi da ita, kuma tsohon inji mai silinda 6 ba ya jin rarrashi.

Mai sheƙin ce take buƙatar dogon zama. Mota mai shekara 3, lafiyayya, tana da masu saye a ƙasarta da kuɗi mai kyau. To me zai sa a ɗauke ta daga Amurka, a biya jirgi, a biya sauke kaya da dillalai, sannan ta zo Sekanji a farashin da bai kai na can ba? Sau da yawa amsar tana wajen kamfanonin inshora. Motar da ta yi hatsari, ko ambaliya ta shanye, in kuɗin gyaranta ya kusa darajarta sai inshora ta biya mai ita, ta kai ta gwanjo irin na Copart ko IAA da takardar da ke nuna ta taɓa lalacewa. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta jiƙa dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Irin waɗannan ake saye da araha, su iso a lotse, masu gyaran bodi da fenti su tashe su, kuma a yi musu adalci, gwanaye ne. Akwai kuma na sata. A 2024 hukumar Interpol ta sanar da gano fiye da motoci 1,500 da aka sato daga Kanada a ƙasashe daban-daban cikin 'yan watanni, kuma Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da irinsu ke ɓullowa.

Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo ana duba masa wata farar jif mai ɗaukar ido. Dillali yana cewa, "Alhaji, wallahi ko ƙwarzane babu. Wata tsohuwa ce take zuwa cefane da ita." Bakaniken da dattijon ya zo da shi daga Zango bai tanka ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, ya ce, "Baba, ɗan duba nan." Ga layin laka a kwance, busasshe, inda mai wanki ba ya kaiwa. Ya ɗaga kafet ya sa hanci, ya haska ƙarƙashin kujera, ƙusoshin duk sun yi tsatsa. Motar ruwa tana iya yin wata da watanni lafiya lau, sannan wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki, yau gilas ya ƙi sauka, gobe ƙwaƙwalwar injin ta ɗauke a tsakiyar daji.

Ba kowace mai hatsari ce abin gudu ba. Aikin hannu a Amurka yana da tsada, har bugun bamba da fitila da murfin inji ya kan isa a yafe mota. Irin wannan, in kasusuwanta ba su lanƙwashe ba kuma an mayar da jakunkunan iskarta na gaskiya, sayayya ce mai kyau, muddin farashin mai hatsari aka biya. Hanyar ganewa kuma ba ta da wuya yanzu. Kusan kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a gindin gilashin gaba. A sa ta a waya a nema a intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito da motar yadda take kafin a shafa mata hoda, kuma da 'yan daloli shafin Carfax zai ba da tarihinta. A kunna makulli a ga ko fitilar jakar iska ta kama tare da sauran ta kuma mutu ita kaɗai bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta kama sam ba, wataƙila an kashe bakinta ne. Mai motar da ya hana ka ɗaukar hoton lambar shasi ya riga ya ba ka amsa. Bakaniken ma ya zama kai ka ɗauko shi, kai za ka sallame shi, domin dillali la'adarsa tana ga faɗuwar ciniki.

A ce ma mai sheƙin lafiyarta ƙalau. Saura inda za ta zauna. Yawancin motocin 'yan shekarun nan suna da ƙananan injuna masu turbo, da giya mai sarrafa kanta da ke son irin manta na musamman, da na'urori masu auna komai. Man kwalba da ya sha ƙura a bakin titi ba abincinsu ba ne, kuma in suka yi ciwo sai an jona musu kwamfuta. Mazaunin Kwatano ko Kano ko Yamai zai sami mai kwamfutar. Wanda zai kai ta ƙauye mai nisa da babban gari, fitila ɗaya ta gaba in ta fashe za ta iya ajiye masa mota har a aiko da wata.

Sai lissafin hukuma. Kuɗin fito da darajar mota yake tafiya, saboda haka mai sheƙi ta fi biya. Ɗan Najeriya kuma yana da ƙarin ciwo: sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ita kuwa naira daga wajen 460 a dala a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Tazarar da ke tsakanin motocin biyu a sefa, in aka juya ta naira sai ta zama kuɗin sayen filin gina gida. Motar da ta shiga ba da sahihiyar takardar kwastan ba kuwa, ana iya ƙwace ta a hanya ko bayan shekaru. Ga ɗan Zango da zai yi mata lamba a nan Benin akwai wata ƙofa da mutane ke mantawa. Tun dokar kasafin kuɗi ta 2022 gwamnati ta yi babban rangwamen fito ga sababbin motoci ta kuma ɗauke musu harajin TVA. Wanda kuɗinsa suka kai na mai shekara 2 ko 3, ya kamata ya fara leƙa kamfanonin da ke sayar da sabuwa fil da garanti kafin ya nufi Ekpe.

In aka ce in zaɓa wa mai matsakaicin ƙarfi, wanda motar ce za ta kai yara makaranta ta kuma je gida da salla, zan kai shi tsakiya: mai shekara 8 zuwa 12, irin da ta cika gari, wadda aka ga tarihinta, ya kuma ɓoye kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa don taya da batir da mai da gyaran farko. Mai sheƙi ta dace da mai dogon zango kullum, wanda kwana ɗaya a gareji asara ce gare shi, kuma yake da halin biyan farashinta na gaskiya.

Wataƙila ma zaɓin ya ƙuntata nan gaba. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince cewa daga Janairun 2021 motar da za a shigo da ita ta kai matakin hayaƙi na Euro 4, wato kusan ƙirar 2006 zuwa sama, da burin a rage shekarun ƙananan motoci zuwa 5 sannu a hankali. Benin da Najeriya suna cikin ƙungiyar. Nijar, wadda takardar wucewarta ta daɗe tana ɗauke da rabon filayen Sekanji, ta fice a Janairun 2025.