Kuɗin Lasin Rediyo da Talabijin: Wa Ke Karɓa, Wa Ke Amfana?

Mutane da yawa a Gawu Babangida, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, ba su san cewa doka ta ɗora haraji a kan akwatin rediyon da manomi ke ratayewa a reshen bishiya yana noma ba. Haka ma talabijin ɗin da matasa ke taruwa gabanta kallon ƙwallo a Lambata. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasin rediyo da talabijin, kuma dokar haraji ta 1998 ta lissafa shi cikin kuɗaɗen shigarsu.

Matsalar ita ce akwai wata dokar da ta faɗi wani abu dabam. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai, NBC, a 1992, wadda aka yi wa gyara a 1999, ta ce hukumar ce za ta karɓi kuɗin, ta riƙe amana, ta raba wa gidajen yaɗa labarai. Tunda kundin tsarin mulki ne gaba da kowace doka, ƙananan hukumomi ke yankan rasit, galibi a shaguna da ofisoshi, kuɗin ya shige asusunsu. Gidajen Rediyo Neja da NTA Minna kuwa sai su dogara da kason gwamnati da kuɗin talla. Wanda ke ciyar da kai shi ke juya ka, shi ya sa labaran irin waɗannan tashoshi kan cika da ayyukan masu mulki.

A wasu ƙasashen kuɗin na isa inda aka nufa. A Jamus kowane gida na biyan Yuro 18.36 a wata, ana raba wa gidajen yaɗa labarai na ARD da ZDF da Deutschlandradio. A Birtaniya kuɗin lasin ne ke riƙe da BBC, amma can an yi rigima kan yafe wa tsofaffi kuɗin. A 2000 gwamnati ta yafe wa masu shekara 75 zuwa sama, tana biya a madadinsu. A 2015 ta mayar wa BBC nauyin, aka ƙiyasta zai riƙa cin fam miliyan 745 a shekara. BBC ta ga ba za ta iya ba, daga watan Agustan 2020 ta taƙaita yafiyar ga tsofaffi masu karɓar tallafin fansho na marasa ƙarfi. Ashe duk lasin da aka ce kyauta ne, wani ne ke biya.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta daidaita dokar NBC da kundin tsarin mulki, ta fayyace kason ƙaramar hukuma da na tashoshi. Idan za a yafe wa tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi, a rubuta wanda zai cike gurbin. Kafin nan, mutanen Gurara na da haƙƙin tambayar kansilolinsu nawa aka tara da sunan rediyo, kuma me aka yi da shi.