Baƙo Mai Tsumma da 'Yar Gidan Sarauta

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Gurbin Bore da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, domin zancenmu na yau ta ƙofar gidanku zai bi.

Akwai wani labari da kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da shi. Baƙo ya sauka a gari da tsumma a jiki, ya kama yankan ciyawar doki a gidan sarki. 'Yar gidan ta gan shi, hankalinta ya kwanta da shi. Iyaye suka ce atafau, ina 'yar sarki ina ɗan barga? Ana cikin wannan ja-in-ja sai wani bafatake ya shigo gari, ya dubi yaron, ya zube ƙasa yana faɗin ranka ya daɗe. Ashe ɗan sarkin wata ƙasa ne. Sai guɗa, sai ɗaurin aure. Mun ji shi a tatsuniya, mun karanta shi a littafi, mun kalle shi a fim, har yau bai gundure mu ba.

Kakan irin waɗannan labarai a ƙasar Hausa shi ne na Bayajida. An ce ɗan sarkin Bagadaza ne, ya biyo ta Barno, ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiya. Ya je ya kashe macijiyar, ya koma ya yi kwanciyarsa. Da gari ya waye, masu son lada suka yi ta fitowa, kowa na cewa shi ne, sai da aka nemi shaida sannan aka gane aikin baƙon daren jiya ne. Ladansa auren Sarauniya Daurama.

Sai dai labarin yana da wutsiya, kuma wutsiyar ta shafe mu. An ce Daurama ta ba shi kuyanga, Bagwariya, ta haifa masa Karɓagari, ita kuma sarauniya ta haifi Bawo. Zuriyar Bawo aka kira Hausa Bakwai, aka jingina wasu ƙasashe bakwai ga ɗan kuyanga, aka sa Zamfara a cikinsu. Masana tarihi irin su Abdullahi Smith sun daɗe da nuna cewa ba a ɗaukar wannan labari a matsayin tarihi tsantsa, kuma Zamfarawa suna da nasu labarin kafuwa, mai farawa daga Dakka a Dutsi, nan ƙasar Zurmi. Amma ku dubi abin da labarin ya yi: uba ɗaya, 'ya'ya biyu, aka auna darajar ƙasashe sukutum da matsayin uwayensu.

A nan nake da ja da labarin baƙo mai tsumma. A fuska yana cewa so ya fi ƙarfin asali. In ka leƙa cikinsa, akasin haka yake faɗi. Ba a yarda da auren ba sai da aka tabbatar yaron jinin sarauta ne. Iyayen yarinya ba su sauka daga ra'ayinsu ko taku ɗaya ba, ɗan barga na gaskiya kuwa yana nan a bargarsa, ba wanda ya ba shi 'ya. Mai sauraro ya sha daɗin ganin an tsallake katanga, alhali katangar tana nan daram.

(Kiɗa)

Marubutanmu na farko ba duka suka bi wannan hanya mai sauƙi ba. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wannan zubi ne Jiki Magayi ya fito, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. A cikinsa Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shaihu ya sa dukiya ya aure ta. Abubakar bai zama ɗan sarki a ɓoye ba. Talaka ne, aka fi ƙarfinsa, ya tafi neman asirin ramuwa. Ɗan da aka haifa a auren, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya kai ga kashe mahaifinsa ba tare da ya gane shi ba. Rashin gane mutum a nan bai kawo guɗa ba, makoki ya kawo. A ganina wannan ɗan ƙaramin littafi ya fi yawancin na bayansa faɗin gaskiya kan abin da ke biyo baya idan kuɗi ya raba masoya.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe tana zaune a Gusau. Ita katangar da ta taɓo ta ƙabila ce: Boɗaɗo 'yar Fulani ta kafe kan Yasir, wanda danginta ke gani bare ne. Sai farkon shekarun 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, littafin da matasan wancan lokaci suka yi ta aron sa hannu zuwa hannu. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad ba shi da komai sai ilimi da mutunci, gida kuma ana son attajiri Abdulƙadir. Matsin ya kai ta ga faɗawa rijiya. An soki littattafan irin wannan, an kira su adabin kasuwar Kano, an ce suna ɓata tarbiyya. Ni dai na ga sun yi abin da tatsuniya ta kauce wa: sun tsayar da talaka a matsayinsa na talaka, suka tambayi iyaye, to yanzu mene ne aibinsa?

(Kiɗa)

Yanzu mu dawo gida. Duk marubucin da ke son gina labarin soyayya a kan tarihi, ƙasar da ke tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Gurbin Bore ta ishe shi. A wajajen shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara, gidan sarauta ya watse, 'ya'yan sarakuna suka bazu cikin ƙauyuka. A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar jihadi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, kuma Namoda, jagoran Fulani Alibawa wanda Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin manyan mayaƙan wannan yaƙi. A irin wannan rana mace kan wayi gari matar sarki, ta kwana ganimar yaƙi. Littattafan tarihi sun ambaci Katambale, wadda ta fito daga gidan Yunfa ta shiga gidan Muhammadu Bello, ta haifa masa Fodiyo. Me ke cikin zuciyar mace irin wannan? Da wane suna take kiran kanta idan ta kaɗaita? Ɗanta kuma, da ya girma aka tura shi tsaron iyakar Gobir, yaya yake kallon dangin uwarsa a ɗaya gefen fagen fama? Wannan ya fi labarin baƙo mai tsumma nauyi nesa ba kusa ba.

Ga kuma 1929, shekarar da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya. Gyaɗa da auduga suka jawo baƙi daga ko'ina. A bakin tasha ba a tambayar kakanka, ƙarfinka da cinikinka ake dubawa. Wanda kakansa bawa ne zai iya zama dillali mai rumbuna, ɗan sarauta kuma ya zama ɗan dako. Amma ranar da ɗayansu ya aika neman aure, sai a tashi mutum takanas a ce je ka garinsu ka binciko mana asalinsa.

Binciken nan har gobe ana yin sa, kuma ba laifi ba ne a san hali da addinin wanda za a ba 'ya. Inda abin ke ci mini rai shi ne idan ɗan aike ya dawo ya ce yaro ba shi da aibi, yana salla, yana da sana'a, amma fa gidansu mahauta ne, ko wanzamai, ko maroƙa, shi ke nan magana ta mutu. Malamanmu na Malikiyya, da suka zo bayanin dacewar ma'aurata, addini da lafiya daga aibi suka sa a gaba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya ba Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, shawarar ta auri Usamatu ɗan Zaidu, wanda mahaifinsa 'yantaccen bawa ne. Mun san wannan, muna jin sa a wajen tafsiri, amma idan zance ya zo kan 'yarmu sai mu koma wa Bawo da Karɓagari.

Zamanin nan kuma ya sake jefa mu cikin labarin. Rashin tsaro ya tashi garuruwa da dama a ƙasar Zurmi da Shinkafi. Mutane sun watsu zuwa Ƙaura da Gusau da Jibiya, wasu har Maraɗi. Magidancin da a garinsu yake da garke da rumbuna, ake sallama a ƙofar zaurensa, yau yana tura kurar ruwa a unguwar da ba wanda ya san sunansa. Ɗansa zai girma a can, zai ga yarinya ya so ta, iyayenta za su ce a je a binciko asalinsa, ɗan aike ya tarar garin ba kowa. Ba bafataken da zai zo ya zube ya ce ranka ya daɗe. Iyayen yarinya za su yanke hukunci ne da abin da idonsu ya gani na halin yaron. Marubutanmu na Gurbin Bore da Zurmi, maza da mata, masu bugawa a takarda da masu sakawa a waya, ku rubuta mana wannan yaro, kuma don Allah kada ku mai da shi ɗan sarki a babin ƙarshe.



(Kiɗan rufe shiri)