Bakan farko: reshen dogon yaro ya karye, na dargaza ya harba

Ƙarar ba ta fi ta busasshen kara da aka taka ba. Amma da na duba hannuna sai na ga bakan da na kwashe kwana uku ina sassaƙawa ya rabu biyu, guntun sama yana lilo a jikin igiya, ga jini kaɗan a goshina inda ya mare ni. Da ya sauko da faɗin yatsa biyu, da ido ya samu. Yaran gidanmu a Maraɗi da suka taru kallo suka yi ta dariya, uwargida kuwa ta ce a miƙo mata guntayen ta hura wuta.

Abin ya samo asali ne daga waya. Duk mai yawo a YouTube ya san irin bidiyon nan: wani Bature a cikin dajin Amurka ya sare icce, ya fere shi, cikin minti goma ga baka yana harba kibiya. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne watannin da iccen ya yi yana bushewa, kuma itatuwan da suke ambata ba su tsirowa a Nijar. Ni dai na ce icce icce ne. Na sare ɗanyen reshen dogon yaro a ƙofar gida, na kama shi da adda ta kowane gefe har ya yi sumul, na ɗaura masa igiyar shanya, na ja iya ƙarfina.

Guntayen da suka tsira daga murhu na kai wa kawuna a wani ƙauye wajen Tasawa. Tsohon maharbi ne, ya daɗe da rataye kwari da baka. Ya juya guntun sau biyu, ya nuna mini kuskure uku: iccen ɗanye ne, ya yi gajere ga irin jan da na yi masa, kuma na sassaƙe bayansa. Na ce masa, ai kawu Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya amsa cewa gaskiya ne, amma wanda aka tanƙwara yana ɗanye a tanƙware yake zama, shi kuwa baka aikinsa ke nan ya miƙe da ƙarfi idan an sake shi.

Baka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Afrilun 1899, mayaƙan Sarauniya Mangu a Lugu sun tari rundunar Faransa ta Vule da Shanwan, mai ɗauke da bindigogi, da kibau masu dafi. Sai dai akwai bambanci tsakanin bakan maharbanmu da wanda matashi ke gani a bidiyo. Namu yawanci zagayayye ne kamar sanda, ba a jan shi har kunne, kibiyar kyauro ce marar nauyi, sau da yawa ba gashin tsuntsu a gindinta, kuma dafin da ke bakinta ne ke ƙarasa aikin. Wanda ake yi don harbin wasa ya fi tsawo da faɗi, ana jan shi har gefen baki. Wannan na biyun nake so, amma da iccen gida. A nan ne ilimin kawu da na waya suka haɗu.

Wane icce?

Ƙa'idar kawu mai sauƙi ce: iccen da ke yin sandar makiyayi ko ƙotar gatari ba tare da ya karye ba, shi za ka fara dubawa. Ya fi yarda da dargaza, wadda mutane da yawa a Afirka ke yin baka da ita saboda tana lanƙwasawa ta dawo. Ɗunɗu ma yana da tauri sosai, matsalarsa wuyar samun miƙaƙƙe mai tsawo. Gora tana yi, ga wanda ya same ta. Farin katakon kasuwa da kafintoci ke yin benci da shi kuwa, kada ma a ɓata lokaci, ba ya jure ja.

Ana neman reshe ko tsiro miƙaƙƙe mai kaurin wuyan hannu, wajen santimita 5, wanda ba ya da gurbin reshe a tsakiya kuma ɓawonsa bai murɗe ba. Idan ɓawo ya murɗe, naman iccen ma a murɗe yake. Tsawon kuwa lissafi ne. Babban mutum yana jan tsirkiya kusan santimita 70, baka kuma yana bukatar ninkin wannan, a ƙara wurin riƙo. Ga ɗan koyo santimita 170 ya fi kwanciyar hankali, wato kusan gaba ɗaya. Nawa na farko bai kai 120 ba.

Kada kuma a shiga gonar mutane da adda. A jihar Maraɗi, tun da sassaben zamani ya bazu daga shekarun 1980, itatuwan gona suna da masu su, manomi ne ya bar kututture ya tsiro, ya yi ta kula da shi. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma akwai itatuwa irin su gawo da sare su ba izini kan haɗa mutum da jami'an gandun daji. Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi mai gona lokacin da yake rage rassa. Haka na samu dargaza uku, ladan gaisuwa kawai na bayar.

Bushewa ita ce ta fi cin rai. Na ɓare ɓawon a hankali tun iccen yana ɗanye, lokacin da yake saɓulewa da sauƙi, na rage kaurin gefe ɗaya don ya yi saurin bushewa, na shafe bakin biyu da kakin zuma. Ruwa ya fi saurin fita ta bakin icce, idan ba a toshe ba nan ne tsagewa ke farawa. Sannan na ɗaure shi a jikin miƙaƙƙen katako, na ajiye a ɗaki nesa da rana da gara. Iskar hunturu tana busar da icce da gaggawa har ya tsage, ɗaya daga cikin ukun da na manta a tsakar gida haka ya ƙare. Yadda ake gane ya bushe: a riƙa auna shi duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya isa. Nawa ya ɗauki mako bakwai.

Baya da ciki

Baka yana da baya, yana da ciki. Bayan shi ne gefen da ke kallon abin da za a harba, ciki kuma yana kallon maharbi. Idan aka ja tsirkiya, zaren iccen da ke baya miƙewa yake yi, na ciki kuma matsewa. Icce yana jure miƙewa matuƙar zarensa bai yanke ba daga wannan baki zuwa wancan. Sara ɗaya da adda a baya ya isa ya yanke zaren, kuma daga nan ne zai ɗago ya tsage. Wannan ne ya kashe bakana na farko: garin neman ya yi kyau a ido, na yanyanka bayan a wurare fiye da goma. Saboda haka fuskar da ke ƙarƙashin ɓawo ita ce baya, ba a taɓa ta da ƙarfe. Duk sassaƙa a ciki da gefuna ake yin ta.

Na bar wurin riƙo a tsakiya, faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, da kaurinsa. Daga nan kowane reshe na bakan yana da faɗin kusan santimita 4, yana sirancewa har ya kai ɗaya da rabi a ƙarshe, inda na yi ƴan tsagi a gefuna don tsirkiya. Gizago da adda aikinsu na farko ne kawai. Da zarar iccen ya fara lanƙwasawa idan ka kafa bakinsa a ƙasa ka danna, sai a ajiye su a koma ga magagari, daga baya wuƙa ko fasasshiyar kwalba don kankara.

Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne da ya ba ni mamaki. Idan ka ninka faɗin icce, taurinsa ninki biyu yake yi. Idan kaurinsa ka ninka, taurin ninki takwas yake yi. Ma'ana, reshen da kaurinsa ya kai milimita 15, idan ka cire milimita 1 kacal, ka rage masa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa. Sara biyu na ganganci a wuri ɗaya, wurin ya yi rauni, duk lanƙwasawar ta taru a nan kamar gwiwa, kuma nan zai karye.

Daga nan sai daidaita lanƙwasa, wadda ita ce ainihin sana'ar. Na samu guntun katako mai tsawon mita ɗaya, na yi masa gurbi a sama inda wurin riƙon bakan zai zauna, na yi tsagi a jikinsa duk bayan santimita 5. Ana ɗaura doguwar igiya sako-sako, a ja ta zuwa tsagin farko, a jingina, a koma baya a duba. Abin da ake nema shi ne rassan biyu su lanƙwasa daidai da juna, kowanne kamar gefen jinjirin wata, ba wurin da ya miƙe ƙyam, ba wurin da ya karya kwana. Inda ya yi tauri a shafa gawayi, a sauke bakan, a kankare gawayin kawai. Inda ya yi rauni a yi masa alama, kada a sake taɓa shi. Bayan kowace kankara sai an ja bakan a hankali sau ashirin ko talatin kafin canjin ya bayyana, in ba haka ba za ka ɗauka ba ka cire komai ba, ka ƙara, ka wuce gona da iri.

A nan waya ta yi rana. Ido yana yaudara, musamman idan ka ƙagu ka gama. Na riƙa ɗaukar hoton bakan a gaban bangon bulo, layukan bulon suna nuna mini wane reshe ne ya fi sauka. Kawu bai taɓa bukatar wannan ba, shi yatsunsa yake bi da su a jikin iccen ya ji inda kauri ya canza. Na gwada, ban ji komai ba.

Ƙa'ida ɗaya da bidiyo da kawu suka yi tarayya a kai: kada a taɓa jan baka fiye da ƙarfin da ake so ya tsaya a kai. Na ari ma'aunin rataya irin na masu sayar da hatsi, na maƙala a igiya. Kilo 13 nake nema, wanda ya ishi ɗan koyo. Duk lokacin da ma'auni ya nuna 13, ko da jan bai wuce santimita 30 ba, sai in tsaya, in kankare rassan biyu, in sake gwadawa. Haka jan ya riƙa ƙaruwa kaɗan kaɗan. Yamma tara na yi a kan wannan, bayan an tashi daga aiki.

Tsirkiyar maharba ta fata ce da aka murɗa, tana da ƙarfi amma tana saki da damina. Igiyar shanya kuwa talewa take yi kamar roba, tana cinye ƙarfin bakan. Na sayi zaren masu gyaran takalmi mai kauri, na haɗa sili da yawa, na murɗa, na goge da kaki. Ya kamata tsirkiya ta iya ɗaukar aƙalla ninki huɗu na ƙarfin bakan, ana iya gwadawa da rataya mata jarkar ruwa. Idan an ɗaura ta, tazarar da ke tsakaninta da wurin riƙo ta zama dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, wajen santimita 15. A ƙarshe na shafe iccen da man kaɗanya, sau uku cikin mako, don kada hunturu ya busar da shi har ya yi gautsi.

Ba a sakin tsirkiya babu kibiya, ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi cikin iccen yake komawa. Ba a barin baka a ɗaure idan an gama. Kuma wanda ya tarar da tsofaffin kibau a ɗakin kakansa kada ya gwada kaifinsu da yatsa, dafin kibiya yana daɗewa bai mutu ba.

Ga ƴan uwa da ke Turai ko wata ƙasar da ba a shiga daji a sari reshe, ana yin baka da katakon shago mai tauri, muddin layukan jikinsa sun miƙe daga baki zuwa baki ba su fita ta gefe ba. Sai dai kowace ƙasa da dokarta kan harbi a cikin gari, a tambaya kafin maƙwabci ya kira ƴan sanda. A gida ma haka ne. Farauta tana da dokarta tun 1998, da izini ake yin ta. Kuma a halin da ake ciki a wajajen Madarunfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga suka hana jama'a barci, baƙon saurayi ɗauke da kwari da baka a bayan gari zai sha tambayoyi, in ma an tsaya tambayar. Ni a tsakar gida nake harbi, buhun ƙaiƙayi a jikin bango, ƙofa a rufe, yara a bayana.

Kibiyar farko ta kyauro ce, ba ƙarfe a bakinta. Daga taku goma sha biyar ta kauce wa buhun ta bugi bango. Ta huɗu ce ta shiga. Bakan yana ba da kilo 13 a jan santimita 66, kuma idan an kwance tsirkiya ba ya miƙewa sarai, ya riƙe ɗan lanƙwasa, alamar na matsa masa tun bai gama daidaita ba. Da na kai wa kawu, ya ja shi sau biyu, ya ce reshen ƙasa ya fi na sama tauri fiye da kima, kuma ƙarshen rassan sun yi nauyi, shi ya sa yake dukan hannu. Ya miƙo mini abina, ya tambaya ko dargaza ta ukun tana nan. Tana nan a ɗaure jikin katako, wata na biyar ke nan.