Gindin Bindigar da Ya Gagari Dokar Amurka

Tun daga ranar 14 ga Yunin 2024 da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani mai shagon bindigogi a birnin Austin na jihar Texas, Michael Cargill, maganar da ta zauna a bakin mutane ita ce wai Amurka ta halatta wa kowa mallakar bindiga mai sarrafa kanta. Wasu kuma suna cewa kotun ta kare 'yancin riƙe makami da ke cikin tsarin mulkin ƙasar. Duka biyun kuskure ne. Har gobe, duk farar hular da aka kama da sabuwar mashin-gan a Amurka yana iya shan ɗaurin shekara 10, kuma alƙalan ba su taɓo batun tsarin mulki ba ko kaɗan. Abin da suka yi muhawara a kai jimla ɗaya ce tak a cikin wata dokar 1934, da kuma wani gindin bindiga na roba da ake kira bamstok, wanda kuɗinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba.

An rubuta dokar ne bayan zamanin 'yan dabar Chicago irin su Al Capone, lokacin da bindigar Thompson ta addabi titunan birane. Majalisa ta ɗora harajin dala 200 a kan mashin-gan, kuɗin da ya yi daidai da farashin bindigar kanta a wancan lokaci, sannan ta fayyace abin da take nufi: bindigar da ke fitar da harsashi fiye da ɗaya, da kanta, da motsin kunama guda. A 1986 aka ƙara ɗaure igiyar, aka hana farar hula mallakar duk wata mashin-gan da aka ƙera bayan 19 ga Mayun shekarar. Tsofaffin da aka riga aka yi wa rajista sun zama kayan masu hannu da shuni, ana cinikinsu a kan dubban daloli masu yawa, bayan bincike da ɗaukar zanen yatsu da jiran izinin hukuma.

A nan kasuwar bamstok ta samo asali. Mutum yana da AR-15, irin wadda miliyoyin Amurkawa ke ajiye da ita a gida, wadda ke ɗura wa kanta harsashi amma ba ta harbi sai an ja kunama, ja ɗaya harsashi ɗaya. Yana sha'awar ya ji ɓarin wuta irin na soja, aljihunsa kuma bai kai ba. Sai aka kawo masa gindin da ke barin bindigar ta riƙa zamewa gaba da baya. Mai harbi yana kafe yatsansa wuri ɗaya, yana tura bindigar gaba da ɗaya hannun. Harsashi na fita, ƙarfin fitarsa ya koma da ita baya, hannu ya dawo da ita gaba, kunama ta sake cin karo da yatsan da bai motsa ba.

Ku ɗauka mai daka ce ta riƙe taɓarya ƙam ba ta ɗaga ta, turmin ne ke tsalle yana zuwa yana bugun taɓaryar. Gero yana dakuwa, maƙwabta suna jin lugude, amma idan an tambaye ta sai ta ce kowane bugu daban yake, ba a taɓa yin biyu a haɗe ba. Wannan ita ce hujjar da ta yi nasara a kotu. Mai shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta ra'ayin alƙalai shida masu rinjaye, ya ce kunama tana komawa mazauninta kafin kowane harsashi ya fita, saboda haka kowane harbi da nasa motsin kunamar. Ya ƙara da cewa tunda sai mai harbi ya ci gaba da turawa da hannu, ba za a ce bindigar da kanta take aikin ba. Mai shari'a Sonia Sotomayor da abokan aikinta biyu, Elena Kagan da Ketanji Brown Jackson, sun ƙi yarda. A ganinsu abin dubawa shi ne abin da mutum ya yi: sau ɗaya ya ƙaddamar da harbin, wuta kuma ta ci gaba da zuba.

Ga wanda ke gaban bakin bindigar, wannan gardama ba ta da wani amfani. Bindiga mai bamstok tana fitar da harsashi 400 zuwa 800 a minti ɗaya, ba ta da nisa da M16 ta sojan Amurka. An ga haka a daren 1 ga Oktoban 2017 a Las Vegas, inda wani mutum ya tsaya a hawa na 32 na otal ɗin Mandalay Bay ya buɗe wa taron masu kallon waƙa su kimanin 22,000 wuta. Cikin kusan minti goma ya harba harsashi fiye da 1,000. Mutum 58 suka mutu nan take ko jim kaɗan bayan haka, wasu biyu suka cika daga baya saboda raunukan, ɗaruruwa suka jikkata. An samu bindigogi fiye da goma masu bamstok a ɗakinsa, kuma dokar tarayya ba ta hana shi mallakarsu ba.

Masu sha'awar wannan kaya sukan ce nishaɗi ne kawai, a je filin harbi a ƙona harsashi a dawo gida, kuma na yarda mafi yawansu abin da ke ransu ke nan. Kamfanin Slide Fire na Texas, wanda ya yi fice wajen ƙera shi, ya ma gabatar wa hukuma da shi a matsayin taimako ga masu lalurar hannu. To amma su kansu masanan bindiga sun san bamstok yana lalata saiti. Bindigar da ke rawa a kafaɗa ba ta mafarauci ba ce, ba ta mai kare gidansa daga ɓarawo ba ce. Wuri ɗaya ne rashin saiti ba ya zama matsala, wato idan abin harbin taron jama'a ne da suka cunkushe. Kayan da amfaninsa biyu ne kacal, wasa da kisan kiyashi, bai cancanci a bar shi a kan kanta ba don kawai masu wasan sun fi yawa.

Laifin ba na alƙalai kaɗai ba ne, kuma wannan ne ɓangaren da masu zagin kotun ke tsallakewa. Hukumar ATF mai kula da makamai ta shafe shekaru, daga 2008 zuwa 2017, tana rubuta wa masu ƙera bamstok takardun cewa kayansu ba mashin-gan ba ne. Bayan Las Vegas, maimakon majalisa ta gyara doka, sai aka miƙa wa hukumar aikin. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ma hukumar ta nuna da yatsa, ba majalisa ba. A Disamban 2018 gwamnatin Donald Trump ta sa ATF ta juya baya ga matsayinta na da, ta ce bamstok mashin-gan ne, ta ba masu shi kwana 90 su lalata ko su miƙa. An ƙiyasta akwai kusan 520,000 a hannun jama'a. Sanata Dianne Feinstein, wadda ta fi kowa son a hana shi, ta yi gargaɗi tun a lokacin cewa haramcin da ba majalisa ce ta yi shi ba zai maƙale a kotu. Haka kuwa aka yi. Cargill ya miƙa nasa guda biyu, ya wuce kotu, ya yi nasara bayan shekara biyar.

Mai shari'a Samuel Alito, wanda yana cikin masu rinjaye, ya rubuta a fili cewa majalisa tana da ikon gyara dokar idan tana so. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin aka kawo ƙudurin haramta bamstok a Majalisar Dattawa, Sanata Pete Ricketts na Nebraska ya tare shi. 'Yan majalisar da suka yi ta jawabin jaje a 2017 sun samu dama sau biyu, sau biyun kuma suka bari ta wuce.

Yanzu abin ya koma ga jihohi. Fiye da goma sha biyar, ciki har da California da New York da Florida da ita kanta Nevada inda Las Vegas take, sun hana bamstok da dokokinsu, kuma hukuncin Kotun Ƙoli bai shafe su ba. Abin da ke halal a Texas laifi ne a California, alhali babu shinge a tsakanin jihohin.

Masu ƙira kuwa sun riga sun yi gaba. Akwai wata kunama da kamfanin Rare Breed Triggers ke sayarwa, wadda ke tura yatsa ta koma mazauninta da ƙarfi don a sake ja nan take. Gwamnatin Joe Biden ta ɗauke ta a matsayin mashin-gan ta riƙa ƙwacewa. A Mayun 2025 ma'aikatar shari'a ta gwamnatin Trump ta sasanta da kamfanin, ta ba da damar a ci gaba da sayarwa. Ɗan ƙarfen nan da ake maƙala wa ƙaramar bindigar Glock don ta zama mai sarrafa kanta shi dai haramun ne ba tare da gardama ba, duk da cewa 'yan sanda suna ƙara kama shi a birane. Bambancinsa da sauran biyun ba a yawan harsashin da ke fita yake ba, a yadda kunama ke motsi ne.

Muddin doka tana ƙirga motsin kunama ta bar ƙirga harsashin da ke fita a minti, duk wanda ya iya ƙira zai samu hanyar kewaye ta. Gyara wannan jimla ta 1934 aikin majalisar Amurka ne, kuma har yanzu ba ta yi shi ba.