Waiwaye: gwanaye da 'yan kwantai a finafinan Indiya na 2001

In kana son ka tada ƙura a majalisar masu kallon Indiya, to ka tambaye su fim ɗin da ya fi kowanne kyau a shekarar 2001. Nan take za ka ga an rabu gida uku: 'yan Amir Khan, 'yan Sharukhan, da kuma mutanen Sanni Diyol masu son a daki bos har sai ya daina motsi. A Kano shekarar ta zo wa 'yan fim ɗin Hausa da zafi, domin a ƙarshen 2000 gwamnati ta dakatar da sana'ar, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. Amma a shagunan haya kaset ɗin Indiya bai daina zagayawa ba. Yanzu da ƙura ta lafa sama da shekara ashirin, bari mu zauna mu yi alƙalanci, kowa a ba shi haƙƙinsa.

Mu fara da ranar 15 ga Yuni, ranar da giwaye biyu suka yi karo a sinimomin Indiya: Lagaan da Gadar. Kafin ranar, da yawa a industiri dariya suke yi wa Lagaan. Daraktansa Ashutosh Gowariker ya yi finafinai biyu a baya, Pehla Nasha da Baazi, ba wanda ya yi abin kirki a kasuwa. Ga shi ya zo da labarin ƙauyawa masu ɗaurin gwado, ga wasan kurket da zai cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na fim, ga tsawon awa uku da minti 44. Wa zai zauna? Amir Khan ne ya yi kasada ya zama furodusa, kuma wannan ne fim na farko da kamfaninsa ya shirya.

Labarin a 1893 yake, a wani ƙauye wai shi Champaner. Fari ya addabi mutane, ga Turawan mulkin mallaka sun matsa sai an biya haraji, wanda shi ne ma'anar sunan fim ɗin. Sai Kyaftin Russell ya gindaya wa saurayi Bhuvan sharaɗi: ku buga kurket da mu, in kun ci an yafe wa lardin haraji na shekara uku, in an cinye ku za ku biya ninki uku. Duk wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin haraji da jangali a zamanin En'e ba ya bukatar a fassara masa zafin wannan caca. Ni dai har yau ban iya dokokin kurket ba, amma lokacin da aka zo jifan ƙarshe a tsaye na kalla. Nan gwanintar take. Kowane ɗan wasa cikin sha ɗayan nan an gina masa dalilinsa, musamman Kachra, wanda ƙauyen ke ƙyama saboda asalinsa, sai ga shi shanyayyen hannunsa ne ke murɗa ƙwallo yadda Turawa suka rasa gane kanta. Ga kiɗan A.R. Rahman. A wajen garin Bhuj na jihar Gujarat aka yi lokeshin, kuma bayan an gama ɗauka, girgizar ƙasar 26 ga Janairun 2001 ta ragargaza yankin.

Lagaan ya shiga jerin biyar ɗin ƙarshe na gasar Oscar a 2002, a rukunin finafinan da ba na Turanci ba. Kafin shi Mother India da Salaam Bombay ne kawai suka kai nan daga Indiya. No Man's Land na ƙasar Bosniya ne ya ɗauke kambun. A gida kuwa Filmfare ta ba shi gwarzon fim, gwarzon darakta, Amir kuma gwarzon jarumi. A wurina shi ne na ɗaya, kuma ba na neman afuwar kowa.

To amma in maganar kuɗi ake, Gadar ya yi masa fintinkau a Indiya. Ɗan Sarkin Ƙarfi, wato Sanni Diyol ɗan Dharmendra, ya fito a Tara Singh, direban babbar mota da ya auri Sakina (Amisha Patel) a rikicin raba Indiya da Pakistan na 1947, sannan ya tsallaka Lahore don ƙwato matarsa daga hannun surukinsa, marigayi Amrish Puri. Wa ya manta inda ya tuge famfon tuƙa-tuƙa daga ƙasa ya hau jibgar jama'a da shi? Rabin farko na fim ɗin yana taɓa zuciya, musamman yadda aka nuna kashe-kashen jiragen ƙasa. Rabi na biyu kuwa hargowa ce zalla, mutum ɗaya ya gagari ƙasa guda. Kuma yadda aka zana mutanen Pakistan bai yi wa Musulmi da dama daɗi ba, har sai da aka yi zanga-zanga a wasu garuruwan Indiya. Fim ne mai ƙarfi, amma ba mai adalci ba. Duk da haka da darakta Anil Sharma ya dawo da Gadar 2 a 2023, jama'a sun sake yin dafifi.

Na san 'yan mata na can suna harara ta saboda ban ambaci Kabhi Khushi Kabhie Gham ba. Ga shi nan. Karan Johar ya tara Amita Bachan da matarsa Jaya, Sharukhan, Kajol, Hiritik Roshan da Karina Kapoor a fim ɗaya, ya sake shi a watan Disamba. Attajiri ya kori ɗan riƙonsa saboda ya auri 'yar talakawa, uwa ta shiga ƙunci, ƙane ya girma ya tafi Landan neman yayansa. Labarin gidanmu ne sak, shi ya sa ya shiga ran mutane a nan, kuma a kasuwar ƙasashen waje ba fim ɗin Indiya da ya kamo shi a lokacin. Kajol ta cancanci kyautar da Filmfare ta ba ta. Sai dai gaskiya ɗaya ce: kukan ya yi yawa, kwalliyar ta yi yawa. Ɗa ya dawo gida a jirgi mai saukar ungulu, gida kamar fadar sarauniyar Ingila, a je har dalar Fir'auna a Masar don waƙa ɗaya. Da an datse minti arba'in ba abin da zai ragu sai hawaye. Na ba shi na uku.

Na biyu fa? Dil Chahta Hai. Da yawa a lokacin sun mai da kaset ɗin suna cewa ba faɗa, ba bos, surutu kawai. Farhan Akhtar yana da shekara 27 ya yi shi, fim ɗinsa na farko, a kan abokai uku, Amir Khan, Saif Ali Khan da Akshaye Khanna, da yadda soyayya ta nemi raba su, musamman da Akshaye ya kamu da son bazawarar da ta girme shi nesa, Dimple Kapadia. A birane ya karɓu, a karkara bai yi tasiri ba. Amma ka duba finafinan samari da aka yi bayansa, yadda ake magana kamar hirar gaske, yadda ake sa kaya, har askin kai, za ka ga sawunsa.

Yanzu sai 'yan kwantai, kuma sarkinsu Yaadein. Abin da ya sa ya fi ciwo shi ne wanda ya yi shi: Subhash Ghai, mai Khalnayak da Pardes da Taal, wanda labarinsa ne Ali Nuhu ya juya zuwa Khusufi. Ga Hiritik yana kan ganiyar tashe bayan Kaho Naa Pyaar Hai, ga Karina, ga Jackie Shroff a matsayin uban 'yan mata uku da matarsa ta rasu. Kayan miya sun cika, amma aka rasa mai girki. Labari ya kama nan ya saki, ya kama can ya saki. Mafi muni, an mai da fim ɗin allon talla: Coca-Cola a nan, Pass Pass a can, keken Hero a gaba, har ka rasa ko fim kake kallo ko hutun talla. Ka biya kuɗin haya kuma a sayar maka da lemo! 'Yan kallo sun hukunta shi, kuma hukuncin bai sauya ba har yau.

Masoyan Sharukhan su yi haƙuri, gwaninsu ma ya sha ƙasa sau biyu kafin Disamba ta cece shi. One 2 Ka 4, shi da Juhi Chawla, ya rasa ko na 'yan sanda ne ko na barkwanci ko na rainon yara. Asoka kuwa hotonsa abin kallo ne, don darakta Santosh Sivan gwanin kyamara ne, amma an ɗauki tarihin babban sarkin da yaƙin Kalinga ya sauya wa rayuwa an mai da shi soyayya da rawa a bakin ruwa. Ba zan kira shi mummuna ba, sai dai bai cika alƙawari ba. Haka Aks na Amita Bachan, duhu da ruɗani suka kori mutane, ko da yake daraktansa Rakeysh Mehra ya wanke kansa da Rang De Basanti a 2006.

Akwai kuma waɗanda kasuwa ta zalunta. Nayak na Anil Kapoor, ɗan jaridar da aka ba mulkin jiha na kwana ɗaya, ya kwanta a sinima, amma talabijin ta raya shi har ya zama abin kwatance duk lokacin da aka yi zancen shugabanni. Rehnaa Hai Terre Dil Mein na Madhavan da Dia Mirza ma haka, sai daga baya samari suka rungume shi. Shi kuwa Chori Chori Chupke Chupke na Salman Khan, Rani da Preity Zinta, labarin bayan fage ya kusa fin na cikin fim zafi: an kama Bharat Shah da ya zuba kuɗi a fim ɗin a Janairun 2001 bisa zargin alaƙa da 'yan ta'addar Mumbai, kuma da aka je kotu shaidu da dama suka janye maganarsu, Preity ce ta tsaya a kan cewa an yi mata barazana ta waya.

Wanda ya ga na zalunci gwaninsa, ga filin wasiƙu nan. Sharaɗi ɗaya ne: mai kare Yaadein ya fara gaya mana sau nawa ya iya kallonsa har ƙarshe.