Daga Madugu Zuwa Darakta: Asalin Sunayen Manyan Ƴan Kasuwa

Ranar wata kasuwa a Droum, garin nan na ƙasar Mirriya da ke kudu maso yammacin birnin Damagaram, ina zaune a inuwar rumfar masu awon hatsi, sai ga wata babbar mota ta tsaya, wani mutum mai farar riga ya sauko daga gaba yana gyara zaman hularsa. Kafin ya taka daga bakin mota zuwa tabarmar da aka shimfiɗa masa, na ji an kira shi da suna huɗu, kuma duk ya amsa. Yaron mota ya ce masa “patron”, dillali ya ce “Alhaji”, wani saurayi mai riƙe da littafin lissafi ya ce “darakta”, sa'an nan wani tsohon maroƙi ya ɗaga murya daga can gefe ya ce, “Madugu uban tafiya!” Tun daga ranar nake juya al'amarin a raina, domin kowace ɗaya daga kalmomin nan tana da ƙasar da ta fito da hanyar da ta biyo.

Bari mu fara da kalmar da ta fi yawo a bakin jama'a, watau attajiri. Duk wanda ya ɗan zauna gaban malami ya san asalinta Larabci ne, “tajir”, ma'ana mai saye da sayarwa. Da yake kuwa harafin ta'u yana cikin haruffan da malaman lugga suke kira shamsiyya, waɗanda lamun ta'arifi yake narkewa a cikinsu, sai “al-tajir” ya zama “at-tajir”, Bahaushe kuma ya ɗauke ta ɗungurungum ya ƙara mata wasali a ƙarshe. Abin lura shi ne, a wajen Balarabe kalmar sunan sana'a ce, ko da jarin mutum bai wuce tire guda na goro ba, amma a wajenmu ta koma sunan dukiya, har ana iya kiran wanda ya gaji kuɗi bai taɓa ciniki ba attajiri. Dalilin bai da nisa: Larabawan Gadamus da na Tarabulus da kakanninmu suka fara sani da wannan suna su ne masu raƙuma da alkyabba da zinariya, sai sunan ya bi kayan ya bar aikin. Ƴar'uwarta “tijara” ma ta fi ta shan wuya, don a yau in aka ce wane ya yi wa wane tijara, ba wanda zai zaci fatauci ake nufi.

Ita kanta kalmar kasuwa, masana harsuna da dama sun tafi a kan cewa daga Barebari muka karɓe ta, su suna cewa “kasugu”, su kuma sun samo ta daga “suƙ” ta Larabci. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin Damagaram, ƙasar da ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa wajen Shehun Barno. Daga can ne kuma muka sami fatoma, wanda a harshensu yake nufin mai gida, domin “fato” gida ne. Shi ne wanda baƙon fatake yake sauka a gidansa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi. Dillali kuwa daga “dallal” yake, tushensu ɗaya da dalili, watau mai nuna hanya tsakanin mai kaya da mai kuɗi.

A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa, unguwar Zango ta zama masaukin ayarin da yake ratsa Azbin zuwa Gat da Tarabulus ɗauke da gashin jimina da fatu da hauren giwa, da kuma bayi, abin da bai kamata a ɓoye ba, ya komo da tufafi da takarda da bindigogi. A cikin irin wannan tafiya, da ta Gwanja inda ake ɗauko goro, aka san madugu. Ba lalle ne ya fi kowa kaya a cikin ayari ba. Abin da ya sa ya zama madugu shi ne ya san rijiyoyi da zangunan hanya, ya san sarakunan da za a ratsa ƙasarsu da abin da kowannensu yake karɓa, shi yake tsai da ranar tashi bayan malamin ayari ya yi addu'a, shi yake raba gardama in fatake sun saɓa, in kuwa ƴan fashi sun tare hanya, shi za a fara nema. Yana da jagaba wanda yake wucewa gaba ya duba hanya, da uban dawaki wanda yake tara kuɗin fito daga hannun fatake. Kalmar jagaba a fili take, ja da gaba. Shugaba ma, a ra'ayin da yawa daga masu nazarin Hausa, daga “shiga gaba” take. Ashe a tunanin mutanen da, babba shi ne wanda ƙaya take fara samu.

Shari'a ma ta ba wannan fahimta ƙarfi. A babin ciniki na Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar nan suke karantawa har gobe, akwai hukuncin ƙiradi, inda mai dukiya yake ba wani jari ya yi fatauci da shi a raba riba bisa kason da aka yi sharaɗi. Idan hasara ta auku ba da sakaci ko ta'addancin mai juya kuɗin ba, to a kan mai dukiya take, shi kuwa ɗayan wahalarsa ce ta tafi. Haka maigida da yaronsa suke a kasuwanninmu: yaro yana iya zama mai furfura da iyali, amma muddin da jarin wani yake juyawa, yaronsa ne, shi kuma maigida wajibinsa ne ya yi masa aure, ya tsaya masa a gaban alƙali, ya yaye shi da jari in lokaci ya yi. Wani abin sha'awa, attajirin da ya fi kowa suna a Damagaram a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ayarin Bafaranshe Foureau ya tarar a 1899, wanda kuma Faransawa suka kora zuwa Kodibuwa tare da Sarki Amadu ɗan Bassa bayan zargin shirya tawaye a 1906, Malam Yaro ake ce masa; sunan ilimi a gaba, sunan hidima a baya, ba a ko ambaci dukiya ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar hamada ta mutu a hankali, gyaɗa ta maye gurbin gashin jimina, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, sai sababbin sunaye suka shigo da sababbin iyayen gida. Na ɗauka da farko cewa su waɗannan sunayen girman kai ne tsantsa, har sai da na bi asalinsu. “Patron” na Faransanci daga “pater” na Latin yake, watau uba, ga shi nan daidai da ubangida. Manaja, wadda muka samo ta wajen ƴan'uwanmu na Nijeriya, ta gangaro ne daga wata kalmar Italiya mai nufin sarrafa doki da linzami, tushenta kuwa “manus”, hannu; uban dawakinmu ke nan ya dawo da wata riga. Darakta daga kalmar Latin mai nufin miƙar da abu yake, mai daidaita abin da ya karkace. Kamfani ma asalinsa “waɗanda suke cin gurasa tare”, abin da mu za mu ce ƴan akushi ɗaya. Inda muka rabu da su kaɗan shi ne wajen ciyaman da “président”, kalmar farko ta PDG da ake rubutawa a ƙofar manyan ofisoshin Yamai: na farko mai kujera ne, na biyu kuwa ma'anarsa mai zama a gaba. Nasu shugaban yana zaune a gaban majalisa, namu yana tafe a gaban ayari, kowa da irin kasuwancin da ya haifi kalmarsa.

Saura Alhaji. Asalinsa sunan ibada ne, na wanda ya sauke farali, a zamanin da tafiya Makka ta ƙasa ta Wadai da Darfur take cin shekaru, wasu ma ba su komowa. Da jirgin sama ya sauƙaƙa hanya ga mai kuɗin kujera, sai manyan ƴan kasuwar gyaɗa da na sufuri suka yi yawa cikin alhazai, har ya zama in an ce Alhazan Maraɗi, attajirai ake nufi. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu da wannan suna a 1986. Abin da ya sami attajiri shi ya sami Alhaji: kalma ta fara da aiki, ta ƙare a aljihu.

To, mu koma rumfar Droum. Da la'asar ta yi sanyi, an gama awo ana ɗinke buhuna, sai aka zo aka ce wa mutumin nan ɗaya daga cikin masu dako ya zame daga kan mota ya gurɗe ƙafa. Saurayin mai littafi ya ce ai ɗan dako ne na kasuwa, ba ya cikin waɗanda aka rubuta. Mutumin ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce a sauke buhu biyu daga gaba a kwantar da yaron a wurin, a fara kai shi wajen mai ɗori kafin a kama hanyar Damagaram, shi zai hau baya bisa kaya. Tsohon maroƙin nan, wanda tun safe bai sami ko dala daga hannunsa ba, ya dube ni ya ce, “Malam, da safe don abinci na kira shi madugu. Yanzu kam na sake faɗa, kyauta.”