Motar da ke farautar rezo a titunan Maraɗi

Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya kira Jibiya don jin farashin masara, magana ta katse masa a tsakiya, ba shi da shaidar da zai kai ƙara. Kamfani zai ce rezonsa ya rufe Maraɗi baki ɗaya, shi kuma ya ce bai gani ba. Abin da ke raba wannan gardama shi ne wata mota mai tafiya sannu a hankali, wadda mai wucewa ba zai bambanta ta da sauran motoci ba.

A cikinta akwai wayoyin salula da yawa, kowace da layin kamfani guda: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom. An haɗa su da kwamfuta da na'urar GPS mai faɗin inda motar take a kowane lokaci. Wayoyin na kira da kansu, su riƙe layi na ɗan lokaci, su kashe, su sake kira. Kwamfuta kuwa tana rubuta ƙarfin rezo, da kiran da ya shiga, da wanda ya ƙi, da wanda ya yanke. Ana auna ƙarfin da ma'aunin dBm: kusan -70 rezo ne mai ƙarfi, ƙasa da -100 kuma magana ta fara gagara. Da an gama zagaye sai a zuba sakamakon bisa taswira, kore inda lafiya, ja inda matsala.

Ƙasar Maraɗi na da nata wuya. Bayan ambaliyar 1945 aka ɗauke gari daga kwari zuwa tudu, amma gonaki da lambuna suna nan a bakin Gulbi, inda gangare da duhun itatuwa ke rage ƙarfin rezo. A hanyar Tibiri, abin dubawa shi ne ko eriyar da ke riƙe da kira za ta miƙa shi ga ta gaba ba tare da ya faɗi ba. Daga Jiratawa zuwa Ɗan Isa kuwa, yayin da ake kusantar iyaka, waya na iya kama rezon Najeriya, mai ita ya biya kuɗin baƙo alhali yana ƙasarsa.

Wannan awo ba wasa ba ne. Tun da salula ta shigo Nijar a 2001, ta zama kayan sana'a. Binciken da Jenny Aker, wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, ta wallafa a 2010 ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Hukuma ma da irin wannan awo take kama kamfanoni: a 2017 hukumar ARTP, wadda ta koma ARCEP a 2018, ta ci kamfanonin huɗu tarar kimanin miliyar 3 da rabi na sefa saboda ƙarancin rezo da rashin ingancinsa.

Sai dai motar ba ta ganin komai. Tana auna abin da ke kan titi, ba ta shiga ɗakin ƙasa mai rufin kwano inda tsohuwa ke jiran kiran ɗanta daga Legas. Idan ta ratsa babbar kasuwa da sassafe za ta samu kore, alhali da hantsi ranar kasuwa eriya ta cika, kira ba ya shiga ko da rezo ya cika fuskar waya. Ƙauyen da damina ta yanke wa hanya kuwa, ba shi a taswirar sam.

Saboda haka duk wanda aka nuna wa irin wannan taswira, ya dace ya tambayi abu uku: wace hanya aka bi, wace rana, da ƙarfe nawa. Manomin Jiratawa da tumatir ɗinsa ke jiran mai saye, amsar waɗannan tambayoyi ce ta shafe shi.